Jirgin Yaya a kwatar Baga

Ni kafinta ne, ubanmu ma kafinta ne, kuma a rumfar da ya bar mana a unguwar Wambai muka tashi ni da yayana muna shaƙar garin katako. Lokacin garinmu bai koma Suleja ba tukuna, Abuja ake ce masa. Gado muke yi da tebur da bencin makaranta da ƙyauren ƙofa. Ba yabon kai ba, in na haɗa katako biyu ko reza ba ta samun wurin shiga. Yaya kuwa hannunsa ya fi nawa sauri nesa ba kusa ba, sai dai gaggawa ta yi masa yawa. Ya gama tebur kafin azahar, ni kuma in bi bayansa da yamma ina gyara ƙafar da ke rawa ina mita. Faɗanmu ke nan kullum, har Inna ta gaji da raba mu.

Bayan an gama yaƙin basasa, direbobin da ke ɗauko bandar kifi daga Barno su kai kudu suka riƙa yada zango a Sabon Wuse. A bakinsu Yaya ya ji labarin Baga, wai can ana neman masu aikin katako ido rufe saboda jiragen ruwa. Ranar da ya ce zai tafi na yi masa dariya a gaban mutane. Na ce wanda bai iya daidaita ƙafar tebur ba ina shi ina jirgi. Ya ɗauki akwatin kayan aikin babanmu, don shi ne babba, ya hau mota.

Shekara huɗu, wasiƙa biyu muka samu. Ta farko ya yi aure, ta biyu an haifa masa 'ya. Saƙo na uku ba a rubuce ya zo ba, wani direba ne ya tako har ƙofar gida ya ce zazzaɓi ne, kwana uku, Allah ya karɓi abinsa. Da aka yi sadakar bakwai Inna ta kira ni ɗaki. Ta ce in je in yi wa surukansa ta'aziyya, in ga yarinyar da idona, in dawo da akwatin babanmu. Na rufe rumfa na bar makulli wajen maƙwabcina, wani Ibo mai sayar da katako da ke haya a layinmu. Shi ne ya ƙulle mini ƙusa a takarda ya ce in tafi da ita, kafinta ba ya tafiya hannu rabbana.

Kwana uku na yi a hanya, ta Kaduna da Kano da Fataskum har Maiduguri, daga nan kuma a bayan babbar mota, rabi kwalta rabi rairayi. Duk tsawon tafiyar ina ta kwatanta tafkin a raina, ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce kogin Iku ba. Muka sauka Baga na duba gabas na duba yamma, ba tafki ba alamarsa. Hayaƙi kawai da ƙaurin kifi, da buhunan banda an jibge sun fi tsayin mutum. Na tambayi wani mai shayi ina ruwan, ya yi dariya ya ce ai tun farin da aka yi ruwa ya yi ƙaura, sai dai in bi shi. Daga kwata, wato inda jirage ke tsayawa, an haƙa wata doguwar hanyar ruwa da suke ce wa kanal, ita ce ke kai mutum tafki. Faɗinta bai wuce jirgi biyu su gifta ba, ciyawa ta rufe gefe da gefe. A bakin nan ga Barebari, ga Buduma, ga Hausawan Haɗeja da na Kabi, ga Jukunawa, kowa da yarensa, kowa ƙafarsa da taɓo.

Gidan surukan Yaya na zana ne, ɗaki biyu. Matarsa tana takaba, don haka ta bayan zana muka gaisa. Aka miƙo mini yarinyar, tana rarrafe, kunnuwan Yaya sak, har sai da na kau da kai. Uban matar dattijo ne masunci mutumin Kabi, siriri, ba ya ɗaga murya. Baba na riƙa ce masa. Shi ya kai ni makabarta a bayan gari muka yi addu'a, da muka juyo ya ce akwai abin da zai nuna mini.

A can ƙarshen kwata, a kan wasu gungume, ga jirgi ba a gama ba. Na auna da ƙafa, taku goma sha huɗu. An kafa haƙarƙarinsa duka, an shimfiɗa ƙasansa, ɓangaren dama an rufe shi da katako har sama. Na hagu kuwa katako uku kawai aka buga cikin bakwai, sauran huɗun suna jingine an rufa musu tabarma. Katakon maɗaci ne mai kyau. Baba ya ce nasa jirgin ya ruɓe tun bara, yanzu a na mutane yake shiga, abin da aka sam masa shi ke nan. Duk abin da Yaya ya samu a wurin gyaran jirage cikin katakon nan ya zuba, don shi da surukinsa su samu na kansu. Yanzu dai da jirgin nan za a ciyar da matar da yarinyar, in ya shiga ruwa. Ya nuna mini wata gora da aka kafa a tsakiyar kanal, an yi mata tsaga-tsaga da wuƙa. Ya ce ruwa kullum sauka yake, in ya kai tsaga ta ƙasa jirgi mai girman wannan ba zai wuce ba, kuma bai fi mako uku ya rage ba. In ya kwana a tudu har wata shekara rana za ta farfasa shi. Maƙeran jirgi kuwa kowa nasa aikin ya sha masa kai.

Ban tsaya shawara da kowa ba. Na ce Baba, ba zan bar garin nan ba sai jirgin nan ya shiga tafki.

Washegari da sassafe na zo da akwatin babanmu, na buɗe. Ga zarto, ga kurfi, ga gizago, ga filen ɗinmu na goge katako, bakinsa a wase. A gefe ga wani gwangwanin tumatir cike da guntayen kwano da aka yayyanka, na ɗauka tarkace ne na juye su a ƙasa. Sannan na shiga duba aikin da idon sana'a. Tsakanin kowane katako da ɗan'uwansa akwai rata, tun daga goshi har baya, wani wurin tsinken ashana zai shiga, wani wurin ma kobo zai tsaya a tsaye. In ka leƙa ta ciki kana ganin hasken rana layi-layi. Wallahi sai na ji haushi ya taso mini, haushin mutumin da ke kwance a kabari. Na ce a raina, haba Yaya, har a nan ma? Tebur in ya yi rawa a sa masa takarda, wannan fa rayukan mutane zai ɗauka. Kunya kuma ta kama ni, ina ganin duk mutanen kwata sun ga wannan aiki sun yi shiru ne kawai don mai shi ya rasu.

Sai na ƙudura zan rufa masa asiri. Na ɓamɓare katako ukun da ya buga a hagu, na goge gefensu da filen har suka yi santsi, na shiga jera su ɗaya bayan ɗaya ina matsewa. Niyyata in na gama hagu in koma dama in warware ta ita ma.

A rana ta biyu Baba ya zo ya tsaya a kaina, ya daɗe yana kallo.

"Ɗana," ya ce, "katako fa yana shan ruwa."

Na ce, "Baba, shekara goma sha biyar ina riƙe da filen. Ku bar mini wannan, ku ji da kifi."

Ya ce to, Allah ya ba da sa'a, ya juya. Har yau in na tuna amsar nan sai in ji kamar in nutse a ƙasa.

Kwana tara na yi ina wannan aiki, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. A nan na san garin. Da hantsi jirage ke shigowa ta kanal a jere, ana tura su da gora, wasu ƙalilan masu inji suna tafe suna tari. Mata su tare su da kwanduna, a zube tarwaɗa da karfasa, wani lokaci giwan ruwa da sai mutum biyu sun kama. Nan take a fasa, a yayyanka, a jera a kan waya a hura ciyawa a ƙasa. Hayaƙin nan ya shiga rigata har bayan na dawo gida da wata biyu Inna tana cewa ina ƙaurin kifi. Da rana matar Yaya ta aiko mini burabusko da miyar kifi, kifin ya fi tuwon yawa, abin da a garinmu sai ranar salla. Sauro kuwa kada a yi magana, na can ba ya jiran magariba. Masu wucewa su tsaya su yi mini sannu da aiki, su kalli ɓangaren da nake bugawa, su kalli juna, su wuce. Ni kuma ina ɗauka sha'awar aikin ce ta kama su.

Da na gama hagu na je na duba gorar nan, na ga lokaci ba zai bar ni in taɓa dama ba. Dole na bar ta yadda Yaya ya yi ta. Baba ya kawo auduga da tsumma da kwalta, muka bi ratar nan muna cusawa da kurfi muna shafewa. Shi yana yi hankali kwance, ni ina yi ina tsaki, a ganina ɓarna muke ɓoyewa. Ɓangarena bai ci audugar ko ɗaya ba, don ba inda za ta shiga, kwalta kawai na shafa ina jin daɗi.

Ranar sa shi a ruwa mutum kusan ashirin suka taru, aka yi bisimilla aka tura. Ya zauna a kan ruwa daram. Ban gama murna ba sai na ga an shiga ɗebo ruwa da bokiti ana zubawa a cikinsa, ana ɗora duwatsu. Na yi tsalle zan hana. Baba ya riƙe hannuna ya ce haka ake yi, sabon jirgi sai an nutsar da shi kwana uku ya sha ya ƙoshi, sannan a kwarfe a hau. Aka ɗaure shi a jikin turke, bakinsa kawai ke waje.

Da safen kwana na uku muka zo kwarfewa. Tun kafin ruwan ya yi rabi na ga abin da ya faru. Ɓangaren hagu ya kumbura ya yi ciki waje. Katakon sun sha ruwa sun buɗe, ba su samu wurin zuwa ba, sai suka ture juna. Biyu sun yi tsalle sun bar haƙarƙari, ƙusoshin sun zazzago, ɗaya ya tsage tsawon kamu uku, ruwa yana shiga kamar an buɗe famfo. Na zagaya dama. Ratar nan duk ta rufe ruf, katakon sun matse audugar sun haɗe, sai ka sa farce kafin ka gane inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara.

Babu wanda ya yi dariya, da ma sun yi da ya fi mini sauƙi. Wani Bajukune maƙerin jirgi, ƙato mai furfura, wanda rumfarsa ke kusa, ya shigo ruwan har gwiwa. Ya shafa ɓangaren dama da tafin hannu.

"Wannan hannun marigayi ne," ya ce. "Shekara guda ya yi a rumfata yana miƙo mini ƙusa, bai buga ko ɗaya ba, kallo kawai yake da tambaya. Daga baya in jirgi ya gagare ni shi nake kira."

Na fito daga ruwan na zagaya bayan buhunan banda na tsuguna. Na yi kukan da ban yi ba ranar da direba ya zo. Yayana ya zo garin mutane ya sauke kai ya koyi abin da ban sani ba, ya bar aiki mai kyau, ni kuma na taso tun daga Abuja na sa hannu na warware shi, wai ina rufa masa asiri.

Da na koma gidan matar Yaya ta turo wani abu ta ƙarƙashin zana. Gwangwanin tumatir ne, da guntayen kwanon nan a ciki, ashe ta sa an tsince su. Ta ce da su yake auna ratar. Masu kauri na ƙasa ne inda jirgi ke zama cikin ruwa, marasa kauri na sama. Yana sa su tsakanin katako kafin ya buga, in ya gama ya zare.

"Na so in gaya maka tun ran nan," ta ce, "sai na ji yadda ka amsa wa Baba."

Na ba ta haƙuri, na je na durƙusa gaban Baba na ba shi haƙuri. Ya ce ya wuce, amma in duba gora. Na je na duba, saura tsaga biyu. Wasu suka ce a haƙura a ja shi tudu a rufa masa zana, in Allah ya kai mu baɗi a gyara. Na ce baɗi me yarinyar za ta ci kafin nan? Ni na ɓata, ni zan gyara, kuma bana.

Aka taya ni muka jawo shi waje. Na ɓamɓare ɓangaren hagu gaba ɗaya, na shanya katakon a rana ina juya su, kwana huɗu, ina ji kamar in hura musu wuta. Wanda ya tsage ba ya gyaruwa, haƙarƙari ɗaya ma ya karye. Na ɗauki ƙafa na tafi rumfar Bajukunen nan, na cire hula na tsuguna, na ce ya koya mini kamar yadda ya koya wa yayana, sai dai ni ba ni da shekara guda, kwana biyar gare ni. Ya kalle ni ya girgiza kai, ya ce ashe taurin kan na gida ne. Ya jawo wani katako da ya rage masa ya ce in ɗauka, marigayi ya yi masa abin da ya fi haka. Kullum da safe ya leƙo ya nuna mini wane guntun kwano zan sa a wane layi, ya koma aikinsa. In na matse da yawa ya ƙwala mini kira daga rumfa ya ce kafintan tebur, sassauta. Hannuna ya saba da matsewa, barin rata da gangan sai na ji kamar ina yin sata. Na dai daure na bari. Ƙusar da maƙwabcina ya ƙulle mini ita ta fitar da ni, don ta Yaya duk ta lanƙwashe. Tafin hannuna ya fashe, kwalta ta shiga ciwon, ban tsaya ba.

Muka cusa auduga, muka shafe, aka sake nutsar da shi. Wannan karon kwana biyu kawai Baba ya yarda a ba shi, don ruwa ya taɓa tsaga ta ƙasa. Muka kwarfe ina ta addu'a a ciki. Babu abin da ya motsa. Baba ya jefa komarsa a ciki, ya ɗauki gora, ya ce in hau.

Tafiyar kanal ɗin nan ba zan manta da ita ba. Ciyawa ta rufe mu, ba iska, ba ka ganin komai sai bayan wanda ke gabanka da sama. Jiragen da ke dawowa suna raɓa mu suna cewa mu yi sauri, gaba ba ruwa. Wajen tsakiya muka ji ƙasan jirgi ya gurji taɓo ya tsaya cak. Baba ya dire, wasu masunta biyu da suka biyo mu suka dire. Ni da ban iya iyo ba na rufe ido na dire, taɓo ya kama ni har cinya, ruwa har ƙirji. Muka sa kafaɗa. Mu tura taku biyar ya kafe, mu huta, mu sake. Matsattsaku suka manne mini a ƙafa ban ma sani ba sai daga baya. Ɗaya daga cikin masuntan ya ce a koma, ba zai wuce ba. Na ce masa ya koma shi kaɗai in ya gaji, ni ko a ka ne sai na fitar da shi. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba, na dai san inuwa ta juya kafin na ji jirgin ya yi sauƙi a kafaɗata, ya zame gaba da kansa har na kusa kifawa.

Suka jawo ni ciki. Ba mu yi nisa ba ciyawar ta buɗe, sai ga tafkin. Ruwa ne har inda ido ya tsaya, ba tudu ba bishiya, iska mai sanyi tana kaɗa shi, jirage can nesa ƙanana-ƙanana. Jirgin ya hau igiyar ruwa ya sauka, ya sake hawa, bai ko yi ƙara ba. Baba ya ajiye gora ya ɗaga hannu ya yi hamdala, ya yi wa Yaya addu'a, muka shafa.

Can sai ya miƙo mini ƙwarya ya nuna ƙasan ƙafata. Ruwa ne ya ɗan taru, yana tsattsafowa a hankali ta layi na biyu. Ya ce kada in damu, wannan ba komai ba ne, da kwarfa ɗaya da safe ɗaya da yamma zai yi shekaru yana aiki. Na karɓa na shiga kwarfewa. Ina yi ina bin layin da ido, duk ta hagu yake shigowa, ta inda na buga. Na miƙa hannu na shafa ɓangaren dama daga inda nake zaune har inda hannuna ya kai. A bushe yake ƙamas. Na buɗe baki zan ce Yaya ka fi ni, sai na tuna a rairayin bayan gari muka baro shi.